Takanamat: Farautar Launin Rawaya a Bakin Iyakar Noma

A arewa maso yamma da birnin Tawa, inda gonakin hatsi ke ƙarewa makiyaya ta soma, damana ba ta cika wuce wata uku ba. Cikin waɗannan ƴan watanni ƙasar Takanamat takan yi ado da furanni masu launin rawaya. Mai ɗaukar hoto da ya bi su da haƙuri zai koma gida da abin kallo, zai kuma koma da labarin halin da ƙasar take ciki.

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Wanda ya san Adar ta bakin mutane kaɗai, ko kuwa ya ratsa ta cikin mota a watan Afrilu, abin da zai riƙe a zuciyarsa bai wuce jan dutse da rairayi da ƙura ba. Ba shi da laifi, domin wata takwas ko tara cikin shekara haka ƙasar take. Amma in Allah ya sa ya komo a tsakiyar watan Agusta, bayan an samu ruwa uku ko huɗu masu kyau, sai ya tsaya yana tambayar direba ko wannan ce hanyar da suka bi da bazara. Tudun da ya bari tsirara ya yi kore shar, gefen hanya kuwa ya cika da ƙananan furanni, kamar wani attajiri ya ratsa da huɗajjen buhun ƴan dala biyar-biyar.

Daga Tawa zuwa Takanamat

Tafiyar takan soma daga Tawa, babban birnin jaha, mai nisan kusan kilomita 550 daga Yamai ta hanyar gudron da ta bi ta Doso da Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Garin ya taso daga tsofaffin ƙauyuka biyu na Azna, ya bunƙasa bayan Nasara sun kafa bariki a cikinsa a farkon ƙarni na 20, kuma a nan aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a shekarar 1975. Wanda ke son sanin Adar ta dā, da yadda Agabba ɗan Sarkin Agadas ya kafa sarautarta a ƙarshen ƙarni na 17, sai ya nemi littafin da Djibo Hamani ya wallafa a 1975. Jami'ar Tawa tana ɗauke da sunan wannan masani.

Adar ta kudu da ta gabas ƙasar duwatsu ce da kwaruruka, irin su kwarin Keita da na Badagishiri da na Majiya. In aka fuskanci arewa maso yamma, duwatsun sukan riƙa raguwa, jigawa ta riƙa karɓe wurinsu, har a iso Takanamat. Tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi shida na karkara da ke gundumar Tawa, tare da Afala, Bambay, Barmu, Kalfu da Tebaram. Hausawa da Buzaye da Fulani suna zaune a cikinta, wasu da hauya, wasu da sanda, da yawa kuma da duka biyun. Ruwan sama da ake samu a wannan yanki yana kaiwa da komowa tsakanin milimita 300 da 400 a yawancin shekaru, kuma mafi yawansa a watannin Yuli da Agusta yake sauka.

Ma'aikatan gwamnati sun san dokar nan mai lamba 61-05 ta ranar 26 ga watan Mayu 1961, wadda ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta ga masu kiwo. Dokar kiwo ta shekarar 2010 ta sake tabbatar da wannan iyaka. Takanamat na kusa da ita, kuma tun bayan farin 1973 da na 1984 gonaki suka yi ta matsawa arewa, bisashe kuma suna saukowa kudu bayan girbi. Ƙasar da ke tsakanin hauya da kofato, kowace ciyawa da ta tsiro a kanta tana da mai jiran ta. Wannan ne ya sa furen wurin ya cancanci a tsaya a dube shi da kyau.

Sunan launin daga kudu ya zo

Akwai wani abin mamaki cikin harshen Hausa. Kalmar rawaya sunan wani tsiro ne na dajin kudu, wanda furensa ke fitowa dab da ƙasa da rani, bayan wutar daji ta wuce, kuma da saiwarsa ake rina tufa ta yi wannan launi. Ruwan ɗorawa kuma daga garin ɗorawa aka samo shi, itacen da a Nijar sai an nufi wajajen Gaya ake ganinsa da yawa. Duka biyun ba ƴan arewacin Adar ba ne. Yaron Takanamat yakan girma yana faɗin rawaya bai taɓa ganin tsiron rawaya ba, alhali a ƙofar gidansu akwai tsirrai sun fi goma da ke sanye da launin.

Sunayen waɗannan tsirrai an rubuta su tun da daɗewa. Wani likita ɗan Birtaniya mai suna Dalziel, wanda ya yi aiki a arewacin Nijeriya, ya buga ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a shekarar 1916. A Nijar kuma Peyre de Fabrègues da Lebrun sun fitar da jerin tsirran ƙasar a 1976. Sai dai waɗannan littattafai suna cikin kabad a ofisoshi, ainihin ilimin kuwa yana bakin tsofaffin mata masu ɗiban haki da makiyaya masu bin garke, kuma duk shekara ana binne wasu daga cikinsu.

Tsaida, tafasa da bagaruwa

Wadda ke fara buɗe fage ita ce tsaida. Makonni kaɗan bayan ruwan farko takan shimfiɗu a kan ƙasa kamar tabarma, ta fitar da fure mai kunnuwa biyar wanda faɗinsa bai wuce farcen ɗan yatsa ba. Da hantsi yake buɗewa, kafin la'asar ya rufe. Kowa ya san ƴaƴanta, ƙayar nan mai tsayar da mai tafiya ba takalmi, wadda ke huda tayar keke. Tumaki da awaki sukan faɗa mata saboda ita ce ɗanyen abu na farko bayan doguwar bazara, ko da yake cin ta da yawa yana iya kumbura wa tumaki fuska. Inda ta fi yawa shi ne bakin rijiya da mashaya da wuraren da kofato ya tattake. Saboda haka fili mai faɗi da ya zama rawaya da tsaida yana shaida cewa an ci ciyawar wurin fiye da ƙarfinta.

Tafasa takan biyo baya. A watan Agusta da Satumba furenta yakan leƙo bibbiyu daga hammatar ganye, ganyen kuma yakan naɗe da dare kamar mai barci. Babu gidan talaka a Adar da bai san darajarta ba. A lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli ne ke riƙe cikin manomi. Mata sukan shanya ganyen su cika buhuna, a kai kasuwar Tawa da rani. Ƴan kasuwa za su so su ji cewa a Indiya ana sarrafa ƙwayarta a fitar da wani gari mai kauri da masana'antun abinci na Turai ke saye. Ƙanwarta filasko, wadda ta fi gajarta, ita ma rawaya take furewa, kuma duk mai sayar da magani ya san aikinta wajen wanke ciki.

Sarauniyar wannan launi dai bagaruwa ce. Takan tsaya a ƙasan laka, bakin tabki da cikin kwari, inda ruwa ke kwanciya. Da damana ta kankama sai ta lulluɓe da ƴan dunƙule-dunƙule masu laushi kamar auduga, masu ƙamshi, kudan zuma na ta kai da kawo a kansu tun da asuba. Waɗannan furanni su ne ke zama bagaruwar da majema ke saye da tiya da buhu. Da ita ake jeme fatar da dukawa da baduku ke ɗinka takalma da jakunkuna da adon sirdi, kuma da ita aka jeme fatun jar akuya na ƙasar Hausa waɗanda ayari ya riƙa ƙetare hamada da su har Turawa suka laƙaba masu sunan Maroko. Ɗan kasuwar da ya ga yadda bagaruwa ta yi fure a watan Agusta ya samu labarin farashin ƴaƴanta na watan Fabrairu. Wanda ke son ganinta da yawa yana iya zarcewa tabkin Tabalak a kan hanyar Agadas, wanda aka sa cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar a shekarar 2005.

Cikin gonaki ma launin bai ƙare ba. Guna da kabewa suna da nasu, gujiya tana da nata ƙarami a ɓoye ƙarƙashin ganye, kuɓewa da yakuwa kuma furensu fari-fari ne mai ruwan ƙwai, da jan ido a tsakiya. Bayan damana ta ɗauke, gawo yakan saba wa sauran itatuwa ya fito da ganye da fure a lokacin kaka. Da sanyi ya shigo sai erehi, wanda a wasu wurare ake kira dushe, ya fure a kan rassa ja-ja da babu ganye, haka ma tamat ta ƙasar Buzaye. Raƙumi da akuya sukan tsaya ƙarƙashinsu suna tsintar furen da iska ta kaɗo. Da bazara kuma aduwa ke rufe shekara da ƴan furanninta masu ruwan kore da rawaya, waɗanda ake haɗawa da sabon ganye a dafa dubagira.

Abin da ya sa rawaya ke gagarar salula

A dā ɗaukar hoto sana'ar mutane ƙalilan ce. Philippe Koudjina ya yi suna a Yamai tun shekarun 1960 da hotunan samari da ƴan mata da makaɗa, kuma duk mai hoto na wancan zamani mutane yake ɗauka, domin fim yana da tsada, wankinsa ma sai an biya, ba mai ɓata shi a kan ciyawa. Tun da wayar salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000, daga baya kuma aka samu mai kyamara, hoto ya zama kyauta. Malamin makaranta da malamin asibiti da yaron mota kowa na da na'urar a aljihu. Amma duk wanda ya gwada ɗaukar furen tsaida da tsakar rana ya san abin da ke fitowa: wani ɗigo mai ƙyalli, babu kunne babu jijiya, kamar an ɗiga man shanu a kan takarda.

Dalilin yana cikin ginin na'urar. Idon kyamara launi uku yake aunawa, ja da kore da shuɗi, kuma daga haɗinsu yake fitar da sauran. Rawaya haɗin ja da kore ne, saboda haka fure mai haske yakan cika ma'auni biyu a lokaci guda, kamar tiyar da aka yi ta zuba wa hatsi bayan ta cika. Abin da ya zube ba ya komowa. Bugu da ƙari, na'urar takan auna hasken dukan abin da ke gabanta, kuma da yake ganye da inuwa sun fi furen yawa, sai ta ƙara haske domin su fito, furen ya ƙone.

Maganin ba shi da wuya. Mai ɗauka ya taɓa furen a fuskar wayar domin ta daidaita a kansa, sa'an nan ya ja alamar ranar nan ƙasa har jijiyoyin kunnen furen su bayyana. Ganyen da ke baya zai yi duhu, kuma hakan ya fi kyau. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, kafin iska ta tashi ta riƙa kaɗa reshe, ko kuwa ranar da hadari ya rufe sama, domin gajimare yana tace haske. In dole sai da tsakar rana, sai a samu yaro ya riƙe farin rawani ko mayafi tsakanin rana da furen. Wani lokaci wayar takan ga rawaya ya cika ko'ina ta ɗauka kuskuren haske ne, sai ta gyara shi ya koma fari-fari ko kore-kore. Ajiye farar takarda a gefen hoton yakan maido da ita hanya.

Abin da ke bayan furen shi ne rabin hoton. Rairayin jigawa yana da haske kuma launinsa ya kusa da na furen, sai su haɗiye juna. Jan dutsen fako na Adar kuwa kamar don wannan aiki aka halicce shi. Bagaruwa da erehi sun fi fitowa in aka durƙusa aka ɗaga waya, shuɗin sama ya zama bango. Jawo hoto da yatsu biyu yana lalata shi, gara mutum ya matsa da ƙafarsa har tazarar ta rage kamu ɗaya, ya dafa gwiwar hannu a ƙasa, bayan ya share tsaida daga wurin. A lokacin hunturu ƙura takan kashe launi, takan kuma zauna a kan gilashin kyamara, don haka a riƙa goge shi da tsumma mai laushi. Zafin watan Afrilu kuma yana iya sa waya ta kashe kanta in aka bar ta a rana.

In ana son hoton ya yi amfani ga malamin gona ko na dabbobi, fure shi kaɗai bai isa ba. A ɗauki ganye, a ɗauki ƙaya da ƴaƴa da ɓawon itacen, a ja baya a ɗauki tsiron gaba ɗaya da ƙasar da yake kai. A ajiye ƴar dala ashirin kusa da furen domin a san girmansa. Sa'an nan a rubuta rana da wuri da sunan da mutanen wurin ke kiransa, da Hausa da Buzanci da Fillanci in an samu.

Masana sun gano cewa kudan zuma yana ganin wani haske da ya ɓoyu ga idon ɗan Adam, kuma furanni masu yawa da mutum ke gani rawaya zalla, shi yana ganinsu da baƙin zobe a tsakiya mai nuna masa inda zaƙi yake. Adon an yi shi domin ƙwaro, mutum ɗan kallo ne kawai.

Sauran launuka

Wanda ya gaji da rawaya ba zai rasa abin ɗauka ba. Shamuwa takan iso kafin ruwa ta yi sheƙa a tsakiyar gari, baƙa da farin ciki. Washegarin ruwan farko wani ɗan ƙwaro ja wur mai laushin karammiski yakan fito yana yawo a kan rairayi, yara na tsintarsa. Tsanwaka takan zauna a kan busasshen reshe da shuɗinta mai ɗaukar ido, belbela na bin sawun shanu, tsuntsaye masu saƙa kuma, waɗanda mazansu ke komawa rawaya da baƙin kai a damana, suna rataye sheƙunansu a rassan bagaruwa bisa ruwa. Bado yana buɗe farin furensa a tabki, duman kada yana shimfiɗa shunayya a bakin gaɓa, kauci yana hura ja a kan itacen da yake tsotsa. Tumfafiya ba ta jiran damana, kusan ko yaushe tana riƙe da furenta fari mai bakin shunayya. A kwarin Tadis kusa da Tawa, lambunan rani suna ba da nasu: jan tumatir, koren salati, da farin furen albasar da aka bari domin iri.

Ba duk mai kyau ne alheri ba

A nan ne baƙo da ɗan gari ke rabuwa. Baƙo zai tsaya a bakin burtali cikin watan Satumba ya ga fili ya cika da wani tsiro mai gashi-gashi, mai ƙananan furanni ruwan ƙwai, ya ciro waya yana murna. Makiyayin da ke tsaye kusa da shi kuwa zai kau da kai, domin garmani ne. Bisashe ba su damu da shi ba yana ɗanye, kuma inda ya kafu yakan danne gadagi da marak da sauran ciyayin da ke sa nono. Ya mamaye burtali da makiyaya da yawa a kudancin Nijar, har ana biyan mutane kuɗi ko cimaka su tuge shi kafin ya zubar da iri, a watsa irin ciyawa a madadinsa. Burtalin da garmani ya cinye yana tura garke cikin gona, abin da ke biyo baya kuwa sai gaban hakimi ko gaban alƙali.

Haka ƙuduji yake. Babu furen da ya kai shi kyau a gonar hatsi, shunayya mai ruwan hoda, tsaye reras tsakanin karare. Amma kafin ya fito sarari ya riga ya yi makonni yana manne da saiwar hatsin yana shan ruwanta. Tsiro guda yana zubar da ƙwayoyi dubbai masu ƙanƙanta kamar ƙura, waɗanda ke iya jira cikin ƙasa fiye da shekara 10. Ya fi son gonar da ta gaji, wadda ba ta samun taki ko hutu. Hoton gona mai ƙuduji da yawa, ga wanda ya iya karatunsa, takardar shaida ce ta rumbun da ba zai cika ba.

Hoto a matsayin shaida

Jahar Tawa ta riga ta ga abin da hoto ke iya yi. Bayan yunwar 1984 duniya ta ɗauka cewa hamada ta gama da wannan yanki. A wannan shekara aka soma aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya da hukumomin FAO da PAM, inda mata suka fi yawa cikin masu ɗaukar duwatsu da haƙa ramuka, aka dasa miliyoyin itatuwa a kan fako. Manoman wajajen Illela da Badagishiri suka karɓi dabarar tassa, a Maraɗi kuma aka soma sassaben zamani, wato barin toho ya girma a gona maimakon sare shi. Sai dai ba wanda ya san girman abin da ya faru sai a farkon shekarun 2000, lokacin da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka da Chris Reij ɗan Holan, tare da masanan Nijar, suka jera hotunan da jirgin sama ya ɗauka a 1975 kusa da sababbi. A Galma ta gundumar Madawa, gonakin da suke fayau a tsohon hoto sun cika da itatuwa a sabon. Lissafinsu ya nuna hekta wajen miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba don wani ya adana hotunan 1975 ba, da wannan aiki na talakawa ya wuce ba a san da shi ba.

Tauraron ɗan Adam yana da iyakarsa. Daga sama kore kore ne, da wuya ya raba garmani da gadagi ko tafasa da karangiya. Rahoto yana iya cewa makiyaya ta yi kyau alhali saniya tana tsaye a tsakiyarta da yunwa. Mai raba su shi ne wanda ya durƙusa ya ɗauki furen. Da malamin makaranta guda a kowane ƙauye zai zaɓi wuri ɗaya, bakin rijiya ko kan burtali, ya tsaya a kan dutse ɗaya ya ɗauke shi a makon ƙarshe na Agusta duk shekara, cikin shekara 10 ofishin magajin gari zai mallaki abin da babu shi a kowane kundi. Kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa za su samu abin dubawa ranar da aka yi gardama kan inda burtali ya bi. Bikin dashen itace na ranar 3 ga watan Agusta, wanda ake yi tun 1975, shi ma zai samu mai bin sawunsa, a ga nawa suka rayu cikin waɗanda manya suka dasa gaban kyamara.

Ladabin hanya

Tilas a faɗi gaskiya game da hanya. Tun shekarar 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a gundumomin Tiliya da Tasara da ke arewa, kuma ranar 21 ga watan Maris 2021 ƴan bindiga suka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya, bisa ga lissafin gwamnati. Baƙon da ya shiga daji da kyamara ba tare da sanin kowa ba yana jefa kansa da mai masaukinsa cikin haɗari. Matambayi ba ya ɓata: a nemi shawarar hukuma tun daga Tawa, in ta ce a dakata a dakata, furen da ke gefen birni bai bambanta da na daji ba. In an isa ƙauye a fara gaida mai gari. Kada a juya waya wajen soja ko shingen jami'an tsaro, kada a ɗauki mata a bakin rijiya ko garken mutum sai da yardarsa, kada kuma a taka shuka domin neman kusurwa mai kyau.

Wannan hali ya sa aikin ya koma hannun ƴan ƙasa, kuma dama su suka fi cancanta. Adar ƙasar ƴan bida ce, ƴaƴanta suna Abijan da Legas da Libiya da Aljeriya, kuma duk damana hotunan gona suna tafiya gare su ta WhatsApp domin su ga inda kuɗin iri da na noma suka shiga. Ɗan Takanamat da ke tura amalanke a Abijan, in ƙanensa ya aiko masa da hoton bagaruwar bakin tabkin garinsu ta yi fure, ya san ruwa ya kwanta, ya san shanu sun sha, ya kuma san ko lokacin komowa gida ya yi.

Kafin ƙarshen watan Oktoba tsaida ta bushe ta bar ƙaya, tafasa ta zama kara, iskar gabas ta fara share sawun damana, sai gawo shi kaɗai ke sabon ganye a tsakiyar gona. Abin da ya rage na watan Agusta yana cikin rumbu, ko cikin wayar wanda ya tsaya ya ɗauka. Allah ya kawo damana mai albarka, ya zaunar da ƙasar Adar lafiya.